Kassis Barham Yana Jiran Ista

Laraba, 20 ga Maris, da la'asar

Mun dawo daga asibiti a Irbid. Barham ya yi barci a mota, kansa a kafaɗata, abin da da lafiyarsa ko za a yanka shi ba zai yi a gaban direba ba.

Bayan likita ya gama duba shi, sai ya kira ni waje. Ya faɗi abin da ya faɗa. Ba zan rubuta a nan ba, jin da na yi sau ɗaya ya ishe ni. Da ya yi shiru na ce, "Likita, abu ɗaya nake son sani. Zai kai Ista?"

Ya ɗan dube ni ya ce, "Wacce, Ummu Wa'il? Ta Kudus ko tamu ta nan?"

Ka ji fa. Amma ban ga laifinsa ba, asalinsa ɗan Kudus ne, ya san abin da yake tambaya. Dayosis ɗinmu na Anglikan ɗaya ne, wato coci-coci ƙarƙashin bishop ɗaya, daga Kudus har Lebanon da Siriya da mu nan ƙasar Urdun, amma kogin Urdun ya raba mana Ista. Su can Kudus lissafin Turawa suke bi. Mu a wannan ƙetaren tare muke yi da maƙwabtanmu 'yan Otodoks, waɗanda muke kira Rum. Wata shekarar Istocin su haɗu, wata su rabu da mako guda. Bana kuwa, da yake ni aka nufa, tasu ƙarshen watan nan ce, tamu sai Mayu ya kama.

Na ce tamu. Ya ce, "Allah mai iko ne." Fiye da shekara hamsin ina matar kassis, wato limamin coci, na san abin da ake nufi in an ce wa mutum haka. Ni ma na sha faɗa wa wasu.

Yau Larabar Toka. Azumi ya fara.

Juma'a, 22 ga Maris, da safe

Ya ɗan ci shinkafa da adas, ƙananan waken nan. Bai tambaye ni abin da likita ya ce ba, ni ma ban tambaye shi abin da ya jiyo ta ƙofa ba.

Lahadi, 24 ga Maris, bayan azahar

Abuna Mufaddi ya shigo bayan sun tashi daga coci, ƙamshin turare bai bar rigarsa ba. Shi ne limamin cocin Rum, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa, kuma tun suna samari shi da Barham ba abin da suka taɓa yin baki ɗaya a kansa in ba gahawa ba. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Ina ɗan Ingilishin? An ce mini ka kwanta, na ce ƙarya ne. Wa zai riƙa gyara mini wa'azi ta kan katanga?"

Barham ya ce, "Shigo, amma ka bar gemun a waje, ɗakin ba faɗi."

Na kawo romon kaza da na dafa tun safe. Barham ya kau da kai. Abuna ya ce, "Sha mana, Abu Wa'il. Mara lafiya ba azumi a kansa, ko mu da muka fi ku tsanani mun yafe. Ku da azuminku bai wuce barin sukari a shayi ba, yau kuma kai ne waliyyi?"

"Wanda ya karɓi Istarku, ai har da wakenku ya karɓa."

"To na ba ka izini."

"Kai wa ya ba ka izinin ba ni izini?"

Haka suka yi ta yi har romon ya huce. Ya sha kaɗan don a ƙyale shi.

Bayan Abuna ya tafi na zauna a kicin. Bari in rubuta abin da nake so, ko zuciyata ta yi sanyi. Kowace safiyar Ista, kafin Barham ya sa farar riga, kafin ya tsaya gaban ikilisiya, ni yake fara nema. Yakan tsaya a ƙofar kicin, ya gyara murya sai ka ce yana kan mumbari, ya ce, "Nijma, Almasihu ya tashi." Ni kuma da hannu duk gari in ce, "Hakika ya tashi." Ko da ya yi ritaya bai fasa ba. Ba na roƙon shekara, ba na roƙon ya miƙe ya zaga gari. Wannan kaɗai nake so in sake ji daga bakinsa. Amma a gidan Barham ba a gaisuwar Ista cikin azumi, ko Halleluya ba a yi sai ranar ta zo. Hali zanen dutse.

Talata, 26 ga Maris, da yamma

Wa'il ya bugo daga Kudus. Shi kaɗai Allah ya ba mu, shi ma kassis, tun da bishop ya ɗauke shi daga Zarka ya kai shi babban coci sai dai mu ji shi a waya. Su suna cikin Mako Mai Tsarki, har muryarsa ta dishe. Bishop ya ba shi izinin zuwa, amma takardar zamansa tana wurin sabuntawa, in ya ƙetare gadar kogin yanzu ba lallai a bar shi ya koma ba. Ya ce zai taho a haka. Na ce, "Kul! Ubanka da sanda zai kore ka, ya ce ka bar tumaki ka zo kallon tsoho."

Sai dabara ta zo mini. Na ce, "Ran Lahadi, in bishop zai yi shelar tashin Almasihu, ka bugo, ka ɗaga wayar sama."

"Yumma, kin fa san Yaba." Haka yake kiranmu, ni da ubansa.

"Na san shi kafin in san ka. Ista ce ko ba Ista ba ce? Dayosis ɗinsa ne, cocin da aka naɗa shi ne. In ya ji ƙararrawar nan bakinsa zai riga shi."

Sai ya ce, "Yumma, takamaimai me likitan ya ce?" Na ce layin ba kyau, ba na jinsa.

Alhamis, 28 ga Maris, da hantsi

Ya ɗan ci. Na goge farar rigarsa na rataye bayan ƙofa, inda ba zai gani ba.

Lahadi, 31 ga Maris, da hantsi

Na gyara masa matashi, na taje masa kai, na zauna kusa da shi da waya a cinya kamar marar gaskiya. Da ta yi ƙara na buɗe muryar na kara masa a kunne. Ƙararrawa, waƙa, coci cike maƙil. Sai muryar bishop ta tashi, jama'a suka amsa har wayar tana karkarwa a hannuna. Ina kallon fuskarsa. Ya gane wurin, ai kowane dutse a ginin nan ya sani. Idonsa ya ciko, leɓensa ya motsa. Ko numfashi ban yi ba.

Sai ya miƙa hannu ya karɓi wayar ya kife ta a kan bargo. Ya ce, "Allah ya ba su albarkar idi. Mu tukuna, Nijma."

Na ce, "Tukuna sai yaushe, Barham?"

"Sai Mayu."

"Kai ka ga Mayu a hannunka?"

Saura ƙiris in faɗi abin. Ya dube ni. Na fita na sake wanke tukwanen da na riga na wanke.

Ranar dai, da magariba

Na kai masa shayi na dangwarar. Ya ce ya gode, ban amsa ba. Ina jin haushinsa, ina jin haushin kogin, ina jin haushin duk wanda ya fara lissafin wata a duniya.

Laraba, 3 ga Afrilu, da hantsi

Hannunsa ya fara rawa, ni nake yi masa aski yanzu. Ba zai bar gemu ba ko na kwana biyu, wai kar Abuna Mufaddi ya ce ya tuba ya koma Rum. Ina shafa masa kumfa, tun Lahadi kuwa ban yi masa magana ba sai ta dole, sai ya ce, "Kin tuna Istarmu ta fari?"

Na ce, "Rufe baki kar in yanke ka."

Na tuna mana. Ni 'yar Rum ce, aure ya kawo ni cocinsa. A wancan zamanin Anglikan na nan ma lissafin Turawa suke bi, yadda 'yan mishan suka bar musu. Ma'amul kuwa, wato cincin ɗin idi, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Uwa da 'ya'ya da ƙanne ake kewaye tire, ana cusa dabino a kwaɓi ana gulmar unguwa. Shekarar nan Istar Barham ta riga ta gidanmu da wata guda. Na zauna ni kaɗai a kicin ina yi, uwata tana ƙetaren lungu tana azumi, ko ɗanɗanawa ba dama. Da tasu ta zo, nawa idin ya wuce ya huce. Ashe ya gan ni ina kuka a kan kwaɓin.

Ya ce, "Fiye da shekara goma ina kallonki a haka. Da maganar haɗa Ista ta zo majalisar coci, dattawa suka ce za mu zama jelar Rum. Wani ya ce Kudus ba za ta bi mu ba, za mu raba coci ɗaya gida biyu. Ni da nake ƙaraminsu na miƙe, na yi ta jawo ayoyi a kan haɗin kai har suka gaji. Aka fito ana cewa yaron nan Barham ya sha karatu. Ni kuwa tiren ma'amul kawai nake gani."

Na ce, "Shi ne duk shekarun nan ka yi gum?"

"Da na faɗa, da kin yi mini dariya a gaban 'yan'uwanki. Na ɗaga hannu a kan mu jira maƙwabta, Nijma. Ba zan sauke shi don yau jiran ya zo kaina ba."

Na ɗan yanke shi a haɓa, don ba na gani sosai. Ya ce ya san da gangan na yi. Ina son mutumin nan, Allah ya sani, ko da taurin kan nasa.

Asabar, 6 ga Afrilu, da rana

Ya ɗan ci.

Talata, 9 ga Afrilu, da safe

Kowace safiya yana yi wa coci ɗaya na dayosis addu'a, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, in ya kai ƙarshe ya dawo farko. Yau Salt, gobe Nablus, jibi Haifa ko Beirut, har asibitoci da makarantar kurame ba ya tsallakewa. Yau ya buɗe baki ya tsaya, ya ce, "Jiya wa na yi wa?" Na ce Ramalla. Ya ce, "To ke ci gaba, ni in ce amin."

Na yi iya yina. Ya katse ni a tsakiya, wai kassis ɗin da na ambata ya daɗe da rasuwa, in bar bawan Allah ya huta. Daga nan ya koma labarin da. Yadda kafin yaƙin sittin da bakwai yakan hau motar haya da safe ya ci abincin rana a Kudus, ba mai tambayarsa takarda. Yadda mahaifinsa ya yi kuka ranar da aka fara naɗa Balarabe bishop, bayan shekara da shekaru sai Turawa. Ya ce dayosis ɗin nan gidan gado ne da aka ja katangu a tsakarsa, amma har yau tukunya ɗaya ake ɗorawa. Duk na sha jin labaran nan har na haddace. Da can nakan ce masa miya tana ƙonewa in gudu. Yau na bar ta ta ƙone.

Juma'a, 12 ga Afrilu, da yamma

Bai ci ba. Ya sha ruwa.

Lahadi, 14 ga Afrilu, bayan coci

Kassis ɗinmu na yanzu ya kawo masa Jibin Ubangiji har gado. Iyakar abin da ya ci yau ke nan.

Talata, 16 ga Afrilu, bayan azahar

Na tare Abuna Mufaddi ta kan katanga, yana ba na'ana'arsa ruwa. Na ce, "Abuna, don ku yake jira. Shiga ka ce masa kun yafe. Ka ce Rum sun ba shi Istarsa tun yanzu."

Ya ajiye butar ya ce, "'Yar'uwata, in shiga in faɗa ba wuya. In manyana sun ji su tsige mini gemu, da ma ya yi yawa. Amma tsaya. Likitan nan har yaushe ya ba shi?"

Na kau da kai.

Ya ce, "Na zauna a bakin gado irin wannan ba iyaka. Wanda yake da abin jira yakan daɗe. Kina so in shiga in karɓe masa nasa?"

Na ce, "In bai kai ba fa?"

Ya ɗauki butarsa ya ci gaba da zuba wa na'ana'ar da ta riga ta sha ta ƙoshi.

Na dawo ciki na zauna a gefen gado. Na ce, "To, na bi. Mu jira." Barham ya buɗe ido ya ce, "Da ma ke nake jira ki iso."

Alhamis, 18 ga Afrilu, da safe

Ya ɗan ci.

Lahadi, 21 ga Afrilu, da la'asar

Ya ɗan ci. Ya nemi ɗanyun 'ya'yan itacen lauzu da gishiri, ya tsotsa ya tofar, ya ce na bana bai kai na bara tsami ba. Na fara ƙirga Lahadi da yatsa, na tsawata wa kaina.

Alhamis, 25 ga Afrilu, da la'asar

Takardar Wa'il ta fito, ya ƙetaro. Ya shigo da jaka a kafaɗa, ya ga uban, ya tsaya cak a ƙofa. Ni da nake ganinsa kullum ban san ya koma haka ba sai da na gani a fuskar yaron.

Barham ya ce, "Wa ya shigo mini gida da ƙamshin nama?"

Wa'il ya durƙusa ya sumbaci hannunsa. Ya ce, "Ni ne, Yaba. Mun yi Ista, har mun gaji da ƙwai."

"To ka bar ta a gada. A nan azumi ake. Nijma, zuba masa wake."

"Yaba, na fa yi nawa arba'in ɗin cif."

"Wanda ya yi aiki gida biyu, ai azumi biyu ne rabonsa. Kuma ka kula da bakinka, in Halleluya ta kufce maka a ɗakin nan zan rubuta wa bishop."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe Barham. Wa'il ya biyo ni kicin, ya kifa kai a kafaɗata kamar ranar da na fara kai shi makaranta. Ya ci waken kuwa har da ƙari.

Lahadi, 28 ga Afrilu, da hantsi

Lahadin Dabino. Wa'il ya ɗauki uban cak ya zaunar da shi a kujera bakin taga. Jerin Rum da namu suka haɗu a lungunmu kamar kowace shekara, yara da ganyen dabino da kyandir da aka yi wa ado da furanni, ba ka bambance na wane coci ne. Abuna Mufaddi ya tsaya a ƙarƙashin tagar ya ɗaga murya, "Ɗan Ingilishi, saura mako!" Barham ya ɗaga yatsa ɗaya. Mutane suka yi ta ɗago masa hannu.

Barham ya ci fiye da kullum. Ya ce in duba farar rigar da na ɓoye a bayan ƙofa, wai wuyanta bai sha guga ba. Ashe tuntuni ya gani. Ƙanwata Hilana ta kawo dabino, mun sa ranar Alhamis mu zauna a kan ma'amul.

Ina tsoron rubutawa, amma ina jin zai kai.

Litinin, 29 ga Afrilu, da hantsi

Wa'il yana riƙe da hannu ɗaya, ni ɗaya. Taga a buɗe. Barham ya tafi bai ce komai ba.

An buga ƙararrawar cocinmu a hankali, ta Rum ta amsa.

Talata, 30 ga Afrilu, da yamma

Ban ji wa'azin jana'izar ba. Na ga dai kassis-kassis sun zo daga Amman da Salt da Zarka, an karanta saƙon Kudus da na Beirut. Ni abu ɗaya ke yawo a kaina: bai kai ba, bai faɗa mini ba. Da na san haka ne, da na matsa masa ran nan da waya tana hannuna.

Bayan mun dawo daga maƙabarta aka jera mu a ƙofar coci don karɓar gaisuwa, ni da Wa'il da Hilana. Wanda yake gaba, wani tsohon ɗalibin Barham, ya kama hannuna ya ce, "Almasihu ya tashi, Ummu Wa'il."

Sai na tuna. Haka muke gaisuwar mutuwa a nan, Rum da mu duka, ko da wane wata ne, ko tsakiyar azumi. Ni kaina na faɗa wa matan da ba zan iya ƙirgawa ba a ƙofar nan, Barham yana gefena yana faɗa. Duk makonnin nan da nake roƙon in ji kalmar kafin lokacinta, ban yarda na tuna akwai wannan hanyar ba.

Na kasa amsawa. Wa'il ya amsa a madadina. Na biyu ya zo, na uku ya zo, bakina a rufe, har ina jin haushinsu. Ba daga bakinsu nake so ba.

Sai ga Abuna Mufaddi. Ya tsaya a gabana da sandarsa, ya ƙi wucewa. Wa'il ya buɗe baki zai amsa, ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Ba da kai nake ba, yaro." Ya juyo gare ni, gemunsa duk ya jiƙe. Ya ce, "'Yar'uwata, ya jira mu iyakar ƙarfinsa, bai sauke hannu ba. Yau mu muka zo masa, ga gari nan kaf a bayana. Ƙafafuna ciwo suke, amma ba inda za ni sai kin amsa. Almasihu ya tashi, Nijma."

Bai taɓa kiran sunana ba tun da na yi aure.

Na ce, "Hakika ya tashi."

Ya gyaɗa kai ya wuce yana dogara sanda. Layi ya ci gaba, har ya fita ƙofar coci ya karya kwana. Na amsa wa kowa. Can muryata ta dishe, Wa'il ya sunkuyo ya ce, "Yumma, zauna ki huta, bari ni in riƙa amsawa."

Na ce a'a, amsar tawa ce tun asali.